Daga Muscle Shoals zuwa Memfis: Bin Sawun Tsofaffin Faya-fayai

Yayata ce ta yanke hukunci, kamar yadda ta saba tun muna yara. Da na gaya mata inda nake so in je kafin in koma gida, sai ta kira ɗanta ta ce ya nemi hutu a wurin aiki ya kai kawunsa Alabama da Memfis, tunda kawun bai iya tuƙi a titunan Amurka ba. Yaron bai yi musu ba, amma da ganin fuskarsa ka san biyayya ce kawai. A Kano aka haife shi, aka kawo shi Atlanta yana ɗan firamare, yanzu ya zama saurayi mai gemu da aikin kwamfuta. Hausarsa tana nan, sai dai takan yi ɗingishi idan zance ya yi tsawo.

"Kawu," ya ce da muka hau babbar hanyar Birmingham, "mutane suna zuwa ƙasar nan su ga New York ko Miami. Ku kuma kun taso tun daga Najeriya don ku ga ɗakunan da aka ɗauki waƙa tun Umma tana goye?"

Na ce masa ya dubi gabansa ya yi tuƙi.

Abin ya samo asali ne daga ɗakin wani baffana, ma'aikacin reluwe a Zariya. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi babur, shi kuwa ya sayo rediyogiram, wani ƙaton akwatin katako mai ƙafa huɗu da murfin da ake ɗagawa a ɗora faifai. Duk ƙarshen wata sai ya leƙa kantunan Sabon Gari ya dawo da sabon faifai a hammata. Aikina shi ne in goge su da ƙyalle mai laushi, in riƙe ta gefe kada yatsa ya taɓa layukan, in mayar da kowanne cikin rigarsa. Ladana kuma a bar ni in zauna a tabarma idan ya ɗora allura. Turancina a lokacin bai wuce na ɗan aji uku ba, saboda haka ba kalmomin ne suka kama ni ba. Muryar ce, da yadda ƙahoni suke amsa mata. Kakarmu, idan ta jiyo Percy Sledge daga tsakar gida, sai ta ɗaga murya: "Wannan bawan Allah, wa ya mutu masa ne?" Har yau ban ji sharhin da ya dace da When a Man Loves a Woman kamar wannan ba.

Baffa kuwa ba shi kaɗai guguwar ta ɗauka ba. Geraldo Pino, mutumin Saliyo, ya riga ya cika gidajen rawa na Legas da kiɗan soul, har Fela ya sha faɗin yadda abin ya girgiza shi. James Brown da kansa ya zo Najeriya a Disambar 1970. Ranar 6 ga Maris 1971 kuma aka yi wasan Soul to Soul a Accra, a bikin cikar Gana shekara 14 da samun 'yanci, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da iyalin Staple suka raba dare suna kiɗa. Samarin birane suka tara suma, suka sa wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da takalmi mai tudu. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasu sunaye da nake haɗa baƙaƙensu da ƙyar a bayan rigunan faya-fayan, sunayen wuraren da aka ɗauki waƙoƙin.

Bayan Birmingham muka nufi arewa, daga nan muka saki babbar hanya muka karkata yamma. Kaka ce, gonakin auduga sun yi fari fat, ƙananan majami'u kuma ba ka tafiyar minti biyar ba ka wuce ɗaya ba. Garuruwa huɗu ne suka haɗa kai a bakin kogin Tenesi: Florence a arewa, Sheffield da Tuscumbia da Muscle Shoals a kudu. Ita Muscle Shoals ɗin mutanenta ba su kai 20,000 ba. Da ba don taswirar wayar yaron ba, da mun wuce situdiyon FAME ba mu sani ba. Wani gini ne maras fasali a kan titin Avalon, kusa da kantin magani da filin ajiye motoci, ko tagar kirki babu.

"Nan ne?" in ji shi.

Nan ne kuwa. Wanda ya kafa wurin, Rick Hall, farar fata ne da ya tashi cikin baƙin talauci a dajin da ke kusa. A 1961 ya ɗauki muryar Arthur Alexander, wani baƙar fata mai ɗaukar wa baƙi kaya a otal, a cikin tsohon sito na taba, waƙar You Better Move On ta karɓu, kuɗinta ya taimaka aka gina wannan wurin. Percy Sledge na kakarmu ɗan Leighton ne, ƙauyen da ke nan kusa. Ya yi tsinkar auduga, sannan ya zama mai tura marasa lafiya a asibiti. A wani ƙaramin situdiyo a Sheffield aka ɗauki waƙar tasa, Hall ya haɗa shi da Jerry Wexler na kamfanin Atlantic a New York, ta zama ta ɗaya a Amurka a 1966. Duk wannan a jihar da George Wallace ya hau kujerar gwamna a 1963 da alkawarin wariyar launin fata ba za ta gushe ba. Wilson Pickett ɗan Alabama ne da ya gudu arewa, an ce da aka dawo da shi a 1966 ya hango masu tsinkar auduga ta tagar jirgi, kaɗan ya rage ya juya. Bai juya ba, ya tsaya ya yi Land of 1000 Dances da Mustang Sally.

Ɗakin ɗaukar waƙar bai fi falon wani attajirin Kano girma ba. Bango na katako, kafet da ya sha taku, ganguna a lungu, ga wani ƙaramin fiyanon lantarki. A Janairun 1967 Wexler ya kawo Aretha Franklin ɗakin nan. Ta shafe shekaru a kamfanin Columbia ana sa ta waƙoƙin da ba su dace da ita ba. Ta zauna a fiyano, makaɗan suka yi ta lalube an rasa bakin zaren, sai Spooner Oldham ya taɓa wasu 'yan sautuka a na lantarkin, nan take kowa ya gane inda aka dosa. Haka aka haifi I Never Loved a Man. Waƙa ɗaya tak aka kammala, domin da dare rigima ta kaure tsakanin mijinta da mutanen situdiyon, gari na wayewa suka bar garin, ba ta sake dawowa ɗaukar waƙa a nan ba. Sai Wexler ya kwashi makaɗan ya kai su New York, a can suka yi Respect a watan Fabrairu. Waƙar Otis Redding ce ta 1965, amma tun daga ranar ta zama ta Aretha.

Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne hotunan makaɗan a bango. Masu ganga da jita da bes da fiyano kusan duk samarin ƙauye ne farar fata, wasu da tabarau kamar malaman lissafi. Huɗu daga cikinsu, Jimmy Johnson da David Hood da Roger Hawkins da Barry Beckett, sun ɓalle a 1969 suka buɗe nasu wurin a lamba 3614 kan titin Jackson a Sheffield, a wani ɗan gini da a da ake ajiye akwatunan gawa, daura da maƙabarta. Mun je mun gan shi. A nan aka kaɗa kiɗan I'll Take You There ta iyalin Staple. Labari ya shahara cewa Paul Simon ya ji waƙar ya buga wa Al Bell na kamfanin Stax na Memfis waya yana neman baƙaƙen fatan da suka yi kiɗan, Bell ya ce zai same su, amma fa kada ya yi mamakin launinsu.

Duk wannan yaron yana biye da ni, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya a kan waya. Ya ɗauke ni hotuna kamar yadda uwarsa ta umarta. Ban matsa masa ba. Na san wa'azi ba ya sa mutum son kiɗa, na gwada da 'ya'yana a gida.

A kan hanya mai lamba 72 abin ya faru, tsakanin Iuka da Corinth a jihar Misisipi, a tafiyar kimanin kilomita 240 zuwa Memfis. Na roƙe shi ya sa mini Try a Little Tenderness ta Otis Redding, ta 1966. Tsohuwar waƙa ce tun ta 1932, irin wadda ake rerawa da sanyin murya. Shi ma Otis a hankali yake farawa, ƙahoni uku suna share masa hanya kamar masu makoki. Sai a baiti na biyu mai ganga Al Jackson ya shigo yana ƙwanƙwasa bakin gangar da sanda, tak, tak, tak, ba ya sauri ba ya jinkiri. Ogan ya shigo, jita ta shigo, wutar tana ruruwa ba ka lura ba, kafin ka ankara mutumin ya bar kalmomi ya koma gurnani da haki, makaɗan duk suna binsa a guje. Daidai nan yaron ya buga sitiyari.

"Kawu! Ai wannan ita ce Otis ta Jay-Z da Kanye!"

Na ce a'a, ɗana, ta Jay-Z da Kanye ce dai ita ce wannan. Ya mayar da waƙar farko. Da muka tsaya shan mai sai ya duƙufa a kan wayarsa yana bin diddigin waƙoƙin da ya tashi da su, yana gano inda aka yanko kiɗansu. Ya sa mini wata waƙa mai suna As Long As I've Got You, ta wasu 'yan mata The Charmels, wadda Isaac Hayes da David Porter suka rubuta a 1967. Ba ta taɓa shiga ɗakin Baffa ba, ban taɓa jin ta ba. Shi kuwa ya san sautin fiyanon farkonta kamar sunansa, domin a kansa ƙungiyar Wu-Tang Clan ta gina C.R.E.A.M. Daga nan har Memfis aka koma musayar waƙa, in ba shi ɗaya ya ba ni ɗaya.

Memfis tana zaune a kan tudu a gaɓar kogin Misisipi, a ƙuryar jihar Tenesi, kuma da auduga ta yi arziki. Titin Beale, wanda kowane ɗan yawon buɗe ido ake turawa, bai burge ni ba. Fitilu ne masu walƙiya da mashaya da kantunan tsaraba, kiɗa na tashi daga kowace ƙofa yana danne na maƙwabta. Mun gai da mutum-mutumin makaɗi W. C. Handy muka wuce. Abinci kuma sai da lura, domin abin alfaharin garin gasasshen naman alade ne, har ganyen miya ma sai ka tambaya da me aka dafa. Mun sami mafita a The Four Way, tsohon gidan abinci na baƙaƙen fata da aka buɗe tun 1946, inda Martin Luther King yakan ci abinci. Soyayyar tarwaɗa muka ci da kuɓewa da wake da burodin masara. Kuɓewar da waken nan daga nahiyarmu suka tsallaka teku, a zamanin da ake tsallakawa da mutane a ɗaure.

Daga can zuwa lamba 926 kan titin McLemore ba nisa. Unguwa ce da talauci ya taɓa, gidajen katako, filaye da ciyawa ta cinye. A cikinta aka haifi Aretha a 1942, a wani ɗan gida a titin Lucy. Ginin Stax da mutum zai gani yau ba na asali ba ne, an rushe wancan a 1989, wannan gidan tarihi ne da aka gina a kan kufansa aka buɗe a 2003. Na shiga da shakku, domin ba na son kwaikwayo. Amma masu wurin sun yi tunani. Abu na farko da za ka tarar a ciki ba jita ba ce, ba kuma kayan ado ba. Wata ƙaramar majami'ar katako ce da aka gina wajen 1906 a Duncan ta jihar Misisipi, aka kwance ta aka sake harhaɗawa a tsakiyar zauren, da bencinanta da mumbarinta. Ma'anar a fili take: daga nan abin ya fito. Mai wa'azi ya jefa, jama'a su cafe, ya sake jefawa da ƙarfi, su sake cafewa. Wanda ya taɓa sauraron Shata da 'yan amshinsa ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda wannan ke aiki. Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko salon daga majami'a suka ɗora a kan zancen soyayya, limaman coci da yawa suka ce an yi saɓo. A Stax ƙahoni ne suka zama 'yan amshi.

Shi kansa kamfanin haɗuwar tsautsayi ne da rabo. Jim Stewart ma'aikacin banki ne farar fata mai goga kiɗan ƙauye da dare, ya kafa shi a 1957 da sunan Satellite. Yayarsa Estelle Axton ta jinginar da gidanta ta zuba kuɗin. A 1960 suka kama hayar wani gidan silima da ya mutu a unguwar da baƙaƙen fata suka fara rinjaye, don arha kawai. Suka cire kujeru, suka rataya labule a bango, amma ba su da kuɗin gyara daɓen da ya gangara, sai suka bar shi. Wannan gangaren da faɗin zauren suka ba kiɗan Stax kaurinsa. An sake gina ɗakin da gangarensa, na tsaya a ciki na ji ƙafata ɗaya ta fi ɗaya tudu. Inda ake sayar da alewa da gugguru a da, nan Estelle ta buɗe kantin faya-fayai. A ganina ita ce ƙashin bayan wurin, ko da yake ba a cika faɗa ba. Yaran unguwa suna taruwa a kantin, ta sa musu sabuwar waƙar da ba a fitar ba tukuna, ta zuba ido. In sun yi rawa a buga, in sun ci gaba da hira a koma ɗaki. Ta wannan ƙofar unguwar ta shigo: David Porter yana ɗaure wa masu sayayya kaya a kantin da ke tsallaken titi, Isaac Hayes yana aiki a mayanka, Booker T. Jones ɗan sakandare ne, shekararsa 17 da ya kaɗa Green Onions a 1962. Ogan ɗin yana nan a ajiye.

Ƙungiyar Booker ɗin, M.G.'s, ita ce ke raka kusan kowane mawaƙi: Booker da Al Jackson baƙaƙe, Steve Cropper da Duck Dunn farare, a garin da ba za su iya zama teburi ɗaya a mafi yawan gidajen abinci ba. Ba a rubuta musu kiɗa a takarda. Mawaƙi ya rera, kowa ya lalubi nasa gurbin, a ɗauka gaba ɗaya a lokaci guda, in ɗaya ya kauce kowa ya koma farko. Otis kansa a 1962 direba ya zo, ya kawo wani mai jita Johnny Jenkins daga Macon, yana sauke kaya. Da lokaci ya rage aka ba shi dama ya rera These Arms of Mine. Faifansa Otis Blue na 1965, mai hoton wata mata a riga, wanda na goge ba adadi, kusan duka cikin awa 24 aka ɗauke shi.

Akwai wani dogon lungu da aka liƙe bangonsa da faya-fayan kamfanin tun daga ƙasa har sama. Nan na daɗe. Na riƙa nuna wa yaron: wannan Baffa yana da shi, wannan ya karye a hannun wani abokinsa har suka yi wata ba sa magana, wannan aro aka yi ba a dawo da shi ba. Shi kuma abin da ya tafi da hankalinsa motar Isaac Hayes ce, Cadillac ta 1972, shuɗiya, an yi mata ado da zinariya, an shimfiɗe cikinta da farin gashi, da talabijin da firiji, tana juyawa a kan dandamali. Ya ce ashe mawaƙan zamaninsu ba su ƙirƙiro komai ba, har almubazzarancin gado suka yi.

Labarin da ake so a ba baƙo shi ne na baƙi da fari da suka zama 'yan'uwa a ɗaki ɗaya. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Sauran rabin yana wani wuri a kudancin tsakiyar gari, a otal ɗin Lorraine kan titin Mulberry. A zamanin wariya yana cikin 'yan wuraren da baƙar fata zai iya kama ɗaki, kuma fari da baƙi su zauna tare ba a kira 'yan sanda ba. Saboda haka ya zama kamar ɗakin baƙin Stax. A nan Cropper da Wilson Pickett suka rubuta In the Midnight Hour, a nan kuma Cropper da Eddie Floyd suka rubuta Knock on Wood.

Cikin wata biyar komai ya rushe. Ranar 10 ga Disamba 1967 jirgin Otis ya faɗa tafkin Monona a jihar Wisconsin. Shekararsa 26. Samari huɗu na ƙungiyar Bar-Kays da ke raka shi suka mutu tare da shi, mai busa Ben Cauley kaɗai ya tsira. Kwanaki kaɗan kafin nan ya ɗauki Dock of the Bay, Cropper ya ƙarasa haɗa ta cikin makoki, ta zama ta ɗaya bayan mai ita yana kabari. A farkon Fabrairun 1968 motar shara ta niƙe ma'aikata biyu, Echol Cole da Robert Walker, da suka fake daga ruwan sama a bayanta. Masu kwasar shara kimanin 1,300 suka shiga yajin aiki, suna ɗauke da alluna masu cewa su ma mutane ne. Su King ya zo mara wa baya. Da yammacin 4 ga Afrilu yana tsaye a barandar ɗaki mai lamba 306, yana roƙon wani mai busa, Ben Branch, ya kaɗa masa wata waƙar coci a taron daren, aka harbe shi. Otal ɗin ya zama gidan tarihin gwagwarmayar 'yanci tun 1991. An bar ɗakin yadda yake a bayan gilashi, da gadaje da kofunan shayi, tsofaffin motoci biyu a ƙasa, da zoben furanni a jikin barandar. Yaron ya karanta duk wannan a makaranta, ya ma taɓa zuwa da 'yan ajinsu. Abin da bai sani ba shi ne wasu daga cikin waƙoƙin rawar da muka sha a mota a wannan ginin aka rubuta su.

Sai kuma masifa ta uku, wadda ba jini a cikinta amma ta fi ba ni haushi. Da aka sayar da Atlantic, Stewart ya koma ya duba yarjejeniyar rarraba faya-fayai da ya sa wa hannu a 1965, ya tarar da wani sharaɗi da ya mallaka wa Atlantic ainihin duk waƙoƙin da suka rarraba. A watan Mayun 1968 aka raba gari, Stax ya wayi gari ba Otis, ba mawaƙan nan Sam da Dave, ba taskar aikin shekara takwas. Ba da bindiga aka karɓe ba, da biro ne.

Al Bell ya sake tayar da kamfanin da ƙarfin hali. A 1969 ya fitar da manyan faya-fayai 27 a tashi ɗaya, a cikinsu har da Hot Buttered Soul na Hayes, wanda daga baya ya ci kyautar Oscar da kiɗan fim ɗin Shaft. A Agustan 1972 suka tara mutum sama da 100,000 a wasan Wattstax a Los Angeles, kuɗin shiga dala ɗaya. Amma zaman da aka saba ya riga ya ɓaci. Estelle ta sayar da kasonta, Booker ya koma Kalifoniya, Cropper ya tafi, aka sa masu gadi a ƙofar da yaran unguwa suke shiga ba sallama. Rikicin rarraba kaya da bashin banki suka durƙusar da kamfanin a Disambar 1975, wata biyu bayan an harbe Al Jackson a gidansa. Wato a shekarar da Baffa yake ɗauko rediyogiram ɗinsa a Zariya, a ita ake sa wa ƙofar Stax kwaɗo. Daga baya aka sayar wa wata majami'a ginin a kan dala 10. Yau dai akwai makarantar koyon kiɗa da ta boko a harabar, mun ga yara suna fitowa da akwatunan ƙaho a baya.

Zangonmu na ƙarshe bai kai tafiyar minti biyar daga nan ba: situdiyon Royal, shi ma tsohon gidan silima, a titin da yanzu ke ɗauke da sunan Willie Mitchell. Har yanzu ana aiki a ciki, don haka daga waje muka tsaya. Mitchell mai busa ne da ya haɗu da wani matashi Al Green a wani gidan rawa a Texas, ya kawo shi Memfis, ya yi ta lallashinsa ya daina ihu ya sassauta murya. Sakamakon shi ne Let's Stay Together a 1971, da 'yan'uwan nan uku na gidan Hodges a jita da bes da ogan. Kiɗan Royal ba ya tsalle, a kwance yake tafiya, ganga mai taushi da goge a baya. A 1976 Green ya buɗe majami'arsa a kudancin garin ya zama fasto, abin ya koma inda ya fito. A ɗakin nan kuma Ann Peebles ta yi I Can't Stand the Rain a 1973, mai farawa da wani sauti kamar ɗigon ruwa. Kafin in buɗe baki yaron ya ce Missy Elliott ta ɗauke ta a 1997.

Da muka kama hanyar komawa ta Tupelo, shi ke zaɓen waƙa, ban ƙara roƙo ba. Ya sa Ann Peebles, ya sa Al Green, ya sake sa Ann Peebles. Can ya gyara murya.

"Kawu, kada ku ji haushi. Ni fa na fi son na Royal. Otis ɗin nan naku ihunsa ya yi yawa."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita, har ya ƙara da cewa Al Green da raɗa yake yin abin da Otis sai ya yi gumi. Na ce ya nemi wuri ya tsaya in sauka, ba zan zauna mota ɗaya da mai wannan magana ba. Ya yi dariya ya ƙara wuta. Na ce to ya sa I've Been Loving You Too Long ya nuna mini inda ihun yake. Ya sa, ya saurara har ƙarshe, ya ce wannan ɗaya ya yarda, amma ɗaya ce. Na kawo masa These Arms of Mine, ya mayar mini da Simply Beautiful. Muka wuce Tupelo, garin da aka haifi Elvis Presley, ko kallon allon ba mu yi ba. Muna dab da Birmingham uwarsa ta kira ta ji ko mun kusa, ya sa ta a lasifika ya ce ta raba gardama. Ta ce ita duk wannan hayaniyar ta ishe ta tun a Zariya, a sa mata Barmani Choge, kuma mu tsaya a hanya mu sayo mata albasa.